Darasi na 9: Folorunso Alakija, Telar da Ta Kafa Kamfani

Duk wanda ya tashi a Jabo, ko Dogon Daji, ko Sanyinna, ko can Kebbe da Kuchi, ya san dillaliya. Da hantsi za a ji sallamarta daga zaure, ƙunshi a ka. Ta shigo tsakar gida ta nemi inuwa ta sauke, kafin ta gama kwance bakin ƙullin matan gida sun kewaye ta. Wannan ta ja turmin atamfa ta kara a jikinta, waccan ta murza gefen shadda tsakanin yatsu don ta ji ko sitaci ne ya riƙe ta, amarya kuma ta ɗaga mayafi ta duba shi a rana. Sai a shiga tayi. A ce dubu goma, ta ce albarka. A ƙara, ta ce albarka. Can idan ta ga kuɗin ya kai, ta tafa hannu ta ce ta sallama.

Gwaggona wannan sana'a ta yi har tsufanta. Ba ta san bihim ba a boko, amma kanta littafi ne. Ta san gidan da ake shirin haɗa lefe tun maganar ba ta fita ba, ta san wadda za ta kwashi adashi ranar Juma'a, ta san wadda idan aka ba ta bashi sai an yi sallama da shi. Wata rana ina ɗan makaranta na ce mata, "Gwaggo, me zai hana in riƙa rubuta miki masu bashin nan?" Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kai ɗan nan, tun ubanka yana yawo ba wando nake wannan sana'a, ban taɓa mance sisin kwabo ba." Gaskiya ta faɗa. Amma shekarar da ciwo ya kwantar da ita, harshe ya yi nauyi, ba wanda ya san wa ke riƙe da me. Masu tsoron Allah suka kawo abin da ke hannunsu, saura suka yi shiru. Sana'ar shekara da shekaru ta kwanta tare da mai ita.

Darasinmu na yau a kan wata mace ne da ita ma tufafi ne asalin sana'arta, amma ta mayar da tata sana'ar kamfani mai suna da takardu da ma'aikata. Za mu karanta tarihinta, mu ga abin da za mu iya ɗauka da wanda ba namu ba ne, sannan mu yi lissafi.

Ba sabon abu ba ne

Kafin mu je Legas, mu tuna cewa kasuwancin mata ba baƙo ba ne a wurinmu. Uwar Muminai Nana Khadija, Allah Ya yarda da ita, attajira ce a Makka. Tana ba maza dukiyarta su yi fatauci a raba riba, kuma ta wannan hanya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kai mata haja Sham tare da yaronta Maisara. A ƙasar Hausa kuwa, matan da ke cikin gida sun daɗe suna kaɗi da saƙa da rini da sayar da abin da suka yi ta hannun yara da dillalai. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, kuma a 1969 ta yi rubutu a kan wannan ciniki na cikin gida, wanda baƙo ba ya gani idan ya tsaya a bakin kasuwa kawai.

'Yar mai sayar da yadi

An haifi Folorunso ranar 15 ga Yuli, 1951, a Ikorodu ta jihar Legas, a gidan Cif L. A. Ogbara. Gidan Musulmi ne, kuma gidan yawa: mahaifinta yana da mata 8 da 'ya'ya 52. Mahaifiyarta tana cinikin yadi, don haka tun tana ƙarama idonta ya saba da launi, hannunta ya saba da taɓa ƙyalle. Tana da shekara bakwai aka kai ta makarantar kwana a yankin Wels na ƙasar Birtaniya. Da ta dawo gida ta shiga makarantar sakandaren Musulmi da ke Shagamu, daga nan ta sake ƙetarewa Landan ta koyi aikin sakatariya a kwalejin Pitman.

Ku lura da wannan, ku da kuka dawo aji da furfura: Folorunso ba ta yi jami'a ba. Abin da ta fita da shi shi ne buga tafireta, rubuta wasiƙa, adana takarda a inda za a same ta gobe, da tsara wa maigida lokacinsa. A 1974 ta kama aikin sakatariya a kamfanin Sijuade a Legas. Daga baya ta koma wani banki na Amurkawa, First National Bank of Chicago, wanda reshensa na Nijeriya ya zama International Merchant Bank. A 1976 ta auri wani lauya, Modupe Alakija, kuma sunansa ne take amsawa har yau. Sun haifi 'ya'ya maza huɗu.

Ta shafe sama da shekara goma a aikin ofis. Masu ba da labarinta sukan tsallake waɗannan shekaru da sauri don su isa wurin dukiya, ni kuwa ina ganin nan ne tushen. Wanda ya zauna a banki yana ganin yadda kuɗi ke shiga da fita. Yana ganin attajirin da aka hana rance saboda ba shi da takarda, da matsakaicin ɗan kasuwar da aka ba saboda littafinsa a tsare yake. Abin da gwaggona ta raina, shi wannan mata ta yi shekaru tana koyo, ana kuma biyanta albashi.

Allura da almakashi

Da ta yanke shawarar barin banki, ba ta sayi keke ta kafa a ƙofar gida washegari ba. Komawa Landan ta yi ta zama ɗaliba, tana matar aure mai 'ya'ya, ta koyi zana tufafi da yanka da ɗinki. A tsakiyar shekarun 1980 ta dawo Legas ta buɗe gidan ɗinki mai suna Supreme Stitches. A 1986 ta lashe gasar masu zana tufafi ta ƙasa, sunanta ya shiga jaridu.

Mene ne bambancin gidan ɗinki irin wannan da shagon telan unguwarmu? Keken dai ɗaya ne, zare da allura ma haka. Bambancin yana wurin tsari. Telanmu shi ne mai awo, shi ne mai yanka, shi ne mai taka keke, shi ke zuwa kasuwa sayen zif da shafi da maɓalli, shi ke hura gawayi a dutsen guga, kuma shi ne mai ba da haƙuri daren sallah idan an zo karɓar kayan da ko yanka su bai yi ba. A gidan ɗinki an raba aikin. Akwai mai zana samfur, akwai mai yanka, akwai masu ɗinki, akwai mai surfani, akwai mai duba kaya kafin su fita, akwai mai riƙe littafi. Awon kowace mai kawo ɗinki yana rubuce, ba sai an sake auna ta ba duk zuwa. Sannan a wuyan kowace riga akwai ɗan ƙyalle mai ɗauke da sunan gidan. Wannan ɗan ƙyallen shi ake kira tambari, kuma alkawari ne: duk inda aka ga wannan suna, ga irin aikin da za a samu. Mai gidan ba lallai ta taka keke da ƙafarta ba. Aikinta ta san abin da za a yi yayi kafin a fara, ta zaɓi ma'aikata, ta sa farashi, ta tabbata an cika alkawari ranar da aka ɗauka.

Masu kawo mata ɗinki manyan mata ne, matan attajirai da na masu mulki. Mafi shahara a cikinsu ita ce Maryam Babangida, uwargidan shugaban ƙasa daga 1985 zuwa 1993. Dattijan cikinku za su tuna ta da shirin Better Life na matan karkara da ta fara a 1987. A zamaninta, duk abin da ta saka aka gani a talabijin, kafin mako ya zagayo an kai wa teloli irinsa. Telar da ke ɗinka wa irin wannan mata ba ta bukatar wani talla. Folorunso ta zama shugabar ƙungiyar masu zana tufafi ta Nijeriya, FADAN, kuma a 1996 ta sauya wa gidan ɗinkinta suna zuwa Rose of Sharon. Daga baya ta faɗaɗa zuwa buga tambari a kan riguna da kayan rabo na biki da taro, har ta kafa kamfanin ɗab'i.

Inda allura ta tono garma

Hausawa na cewa allura ta tono garma idan ƙaramin abu ya jawo babba. A 1993 gwamnati ta ba kamfaninta mai suna Famfa lasisin neman mai a wani yanki na teku, mai lamba 216. Wurin yana da nisan fiye da kilomita 100 daga gaɓa, zurfin ruwan kuma ya kusa mita 1,500. A lokacin ba kowa ke son irin wannan wuri ba, don haƙa a can sai mai kuɗi da na'urori na gaske. A 1996 ta ƙulla yarjejeniya da wani reshe na kamfanin Texaco na Amurka, wanda daga baya ya haɗe da Chevron, ta ba su kashi 40 cikin 100, su kuma suka ɗauki nauyin aikin. Aka dace da mai mai yawa, a filin da ake kira Agbami, wanda ya fara fitar da mai a 2008. Da gwamnati ta ga abin da ke wurin sai ta karɓe mafi yawan kason Famfa. Folorunso ta kai ƙara. Shari'ar ta ɗauki shekaru fiye da goma, har a 2012 Kotun Ƙoli ta mayar mata da kasonta. Daga nan aka fara lissafa ta cikin matan da suka fi kowa dukiya a Afirka. Ta kafa gidauniyar tallafa wa zawarawa da marayu, kuma a 2016 aka naɗa ta uwar Jami'ar Jihar Osun, ita da ba ta taɓa zama ɗalibar jami'a ba.

A nan sai mu yi wa juna gaskiya. Ɗinki bai mayar da ita biloniya ba, mai ne ya yi. Kuma lasisin mai ba a kasuwa ake tsintarsa ba. Ita kanta ba ta ɓoye cewa Maryam Babangida ta taimaka mata wajen samun ganin ministan mai ba, kuma har yau akwai masu ganin kusanci da masu mulki ne ya buɗe mata ƙofa. Wannan ɓangare na labarin ba abin da mace a Jabo za ta ce za ta kwaikwaya ba ne, kuma malamin da ya ce miki ki dage da taka keke za ki samu rijiyar mai, yaudarar ki yake yi. Abin lura a shari'ar shi ne makamin da ta yi faɗa da shi. Takarda ce: yarjejeniyar da aka rubuta, aka sa hannu, aka adana. Da a baki aka yi maganar, da tuni an wuce wurin.

Matan Lome da atamfar Holan

Alakija ta ɓangaren ɗinki ta shigo. A ɓangaren saye da sayarwa kuwa, babu labarin da ya kai na matan babbar kasuwar Lome a ƙasar Togo, waɗanda ake kira Nana Benz. Kada sunan ya ruɗe ku da Nanar da muka sani. A harshensu kalmar tana nufin uwa ko kaka, Benz kuwa marsandin da suke hawa ce. Atamfar da muke kira 'yar Holan, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond na ƙasar Holan, kuma an kafa kamfanin tun 1846. Waɗannan mata, da yawansu ba su yi karatu mai zurfi ba, su ne suka riƙe sarinta a shekarun 1970 da 1980. Mace takan kama wani zane ya zama nata ita kaɗai, duk mai son sa daga ko'ina a Afirka ta Yamma sai ya biyo ta hannunta. Su ke raɗa wa atamfa suna, kuma kun san yadda suna ke sayar da zane a wurin mata.

Ƙarfinsu bai dawwama ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kayan Turai suka ninka kuɗi dare ɗaya. Daga baya atamfar Caina mai araha, wadda ke kwaikwayon zanen Holan, ta cika kasuwa. A Janairun 2013 kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Lome. Irin wannan guguwa ta taɓa mu a nan gida: masaƙun Kaduna da suka ciyar da dubban gidaje sun rufe ɗaya bayan ɗaya, yanzu yawancin abin da ake sarowa a Kantin Kwari na Kano daga waje yake zuwa. Wanda duk jarinsa ke kan haja iri ɗaya, daga hannun mutum ɗaya, ranar da hanyar ta toshe ba shi da ta bi.

Ɗinkin kansa kuwa bai mutu ba. A Abuja, Hudayya Fadoul Abacha ta yi suna da gidan ɗinkinta na kayan amare. A garuruwanmu ma, yarinya da keke ɗaya da waya tana ɗora hoton ɗinkinta a WhatsApp, a turo mata kuɗi ta taransifa, ta ba direban mota saƙo zuwa Tambuwal ko Jega ko Sakkwato.

Mu yi lissafi

Yanzu ku buɗe littattafanku. Lambobin nan misali ne kawai, kowa ya san farashi ba ya zama wuri ɗaya.

A ce wata mata ta je Sakkwato ta saro atamfa turmi 10, kowane turmi yadi 6, a kan naira 12,000. Kuɗin kaya ya kama naira 120,000. Ta dawo tana sayar da turmi naira 14,000, tana murna cewa tana cin naira 2,000 a kowane ɗaya. Amma ta manta kuɗin mota zuwa da dawowa naira 8,000, da ɗan dako naira 1,000, da abincin da ta ci a hanya naira 1,000. Idan aka haɗa, abin da ta kashe naira 130,000 ne. A raba gida 10, kowane turmi ya tsaya mata a kan naira 13,000. Ashe ribarta naira 1,000 ce, rabin abin da take zato.

Bari mu ƙara mata abu ɗaya. Ƙanwar mijinta ta ɗauki turmi guda ta ce sai an sayar da albasa, kuma kunya ta hana a tambaye ta. Turmi 9 da aka biya sun kawo naira 126,000. Cire wannan daga 130,000, saura 4,000. Wato matar nan ta sha rana, ta sayar da kayanta kaf, ba kwantai ko ɗaya, amma uwar kuɗinta ta ragu da naira 4,000. Idan kuma a cikin kuɗin cinikin take cire na cefane da na gudunmawar biki, ba za ta gane ba sai ranar da ta koma sari ta ga kuɗin turmi bakwai kawai ke hannunta. A nan ne ake fara zargin baki ko hassada.

Ba cewa ake kada a ba da bashi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma dillaliyar da ba ta ba da bashi ba za ta daɗe a unguwa ba. Abin da ake so shi ne a rubuta: suna, kaya, kuɗi, da ranar da aka yi alkawari. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Littafin nan kuma shi zai nuna miki ko dukiyar cinikinki ta kai nisabin zakka idan shekara ta zagayo. Ranar da sana'a ta girma kika so yin rajistar sunanta a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ko buɗe mata asusu a banki daban da naki, shi za ki fara ɗaukowa.

Kalmomin da za a riƙe

Jari ko uwar kuɗi: abin da aka fara sana'a da shi, wanda ba a ci. Riba: abin da ya rage bayan an cire duk abin da aka kashe. La'ada: ladan dillali. Kafin alƙalami: kuɗin da ake bayarwa tun kafin a fara aiki. Tambari: suna ko alamar da ke bambanta kayan wani da na wani. Lasisi: takardar izini daga gwamnati. Kaso: rabon da mutum ke da shi a kamfani.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi Folorunso Alakija, kuma shekararta nawa lokacin da ta kama aiki a 1974?

2. Wane aiki ta yi kafin ɗinki, kuma me kake ganin ya amfane ta da shi daga baya?

3. Kawo abubuwa biyu da suka raunana kasuwar Nana Benz.

4. Wata tela tana karɓar naira 3,500 a kan riga da siket. Zif da zare da shafi suna cin naira 1,200, gawayin guga naira 100, kuma tana ba yarinyar da ke taya ta naira 500. Nawa ya rage mata a ɗinki ɗaya? Idan ta yi guda 15 kafin sallah, nawa ke nan?

5. Ku kasu gida biyu ku tattauna: ya kamata 'yar kasuwa ta rubuta bashin da surukarta ta ɗauka? Idan haka ne, da waɗanne kalmomi za ta tuna mata ba tare da an ɓata ba?

Aikin gida

Kowa ya samu littafi mai shafi arba'in. A ja layi a tsakiyar shafin farko, a rubuta "shiga" a dama, "fita" a hagu. Mai sana'a ya rubuta cinikinsa na kwana bakwai. Wanda ba shi da ita ya roƙi wata tela ko dillaliya ta unguwarsu ya rubuta mata nata, amma a sa harafin farko kawai a madadin sunayen masu bashi. A zo da littafin ranar darasi na gaba, tare da fensir da abin gogewa.